Littafin Baba a Ƙarƙashin Firji

Auta,

Na wuce aiki. Ban tashe ka ba, don da na tashe ka, da ba mu rabu lafiya ba.

Jiya a asibiti Mama ta ce a kawo Littafi Mai Tsarki na marigayi Baba, a karanta mata kafin a yi mata aiki gobe. Na ce yana wurinka, tunda kai ka nace aka ba ka. Da safen nan na birkice gidan nan ina nema. Ashe da shi ka tokare ƙafar firji! Ina jawo shi kyankyasai suka watso mini a hannu. Ruwa ya jiƙa shi, shafukan Zabura sun manne, rubutun Baba na gefe duk ya narke. Tir! Kai da kake gaban mawaƙa kowace Lahadi, har da lumshe ido. Yaushe rabonka da buɗe shi?

Na goge, na shanya a taga. Ka kai mata ƙarfe huɗu, ka zauna ka karanta mata da bakinka. In ta tambayi abin da ya same shi, kai za ka amsa.

Yayarka