Yapendo Tana Amsa Sunan Mahaifiyata a Asibiti

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ba ni da wanda zan kai wa wannan maganar.

Ina aiki a ɗakin kati na wani asibiti a nan Jalingo. Mahaifiyata ta rasu a shekarun casa'in ina ƙarama, ƙanwarta ce ta riƙe ni a unguwar Barade, Yapendo nake kiranta. A lokacin katin mutum ɗaya yakan ishi gida, to bayan rasuwar sai Yapendo ta ci gaba da zuwa asibiti da na yayarta. Har yau da shi take zuwa, ya yi laushi kamar tsumma. Idan nas ta kira sunan mahaifiyata, ita ke miƙewa.

A gidanmu ba a ambaton sunan nan, kunya ta hana. Ni kaɗai ta haifa, ko hotonta ba mu da shi. A bencin asibitin nan ne kawai nake jin an kira ta da ƙarfi, ƙanwarta da aka ce tafiyarsu iri ɗaya ce ta amsa. Nakan ajiye aiki in saurara ta taga.

Yanzu ana shigar da fayil-fayil cikin kwamfuta, za a haɗa asibitocin ƙasar nan, duk inda aka kai mutum a ga tarihin ciwonsa. Na mahaifiyata ya iso teburina. Mata biyu ne a cikinsa, jininsu ba iri ɗaya ba, kuma akwai allurar da ake yi wa mahaifiyata lafiya lau, Yapendo kuwa kumbura ta take yi. Likitanmu ya sani, amma idan ciwo ya kama ta a Yola ko Gombe, wa zai sani?

Na roƙe ta a buɗe mata sabo. Ta ce wai na yi boko na dawo in sake binne mata yaya, in na taɓa katin nan ita da asibiti har abada, gara ta jiƙa saiwa ta sha. Ga hawan jini gare ta. Tun ranar a ɗakinta take cin abinci, ni a nawa.

Akwai ɗan gurbin da ake rubuta rasuwa a shafin, kullum na kai hannu sai in janye. In na raba su a ɓoye, ranar da aka kira Yapendo da sunanta na gaskiya za ta gane. In na bar su tare, allurar nan nake tsoro.

Jama'a, yaya zan raba yaya da ƙanwa ban rasa wadda ta rage mini ba?