Na ƙi zuba wa Farfesa giya, yanzu tafiyata Koriya tana lilo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a jagule yake.

Ina digiri na uku a nan Doha, mai duba aikina dattijo ne ɗan Koriya, tun zamanin korona yake riƙe da ni kamar ɗansa. Da ƙasarsu ta tsallake rukuni a gasar kofin duniya, sai ya gayyaci ɗalibansa cin abinci a gidansa a unguwar Al Gharrafa. Na cire takalmi a ƙofa, na miƙa tsaraba da hannu biyu, ban taɓa abinci ba sai da ya fara. Wallahi ko gidan surukaina ban yi wannan ladabin ba.

Ana cikin ci matarsa ta ajiye kwalba a gabana. Ashe a al'adarsu babba ba ya zuba wa kansa, ƙarami ne ke zuba masa, ni ne kuma ƙaramin. Ya ɗago kofi yana murmushi, na duba na ga giya ce, na ce ya yi haƙuri, addinina ya hana. Hannunsa ya daɗe a sama kafin wata ɗaliba 'yar ƙasarsu ta karɓi kwalbar. Washegari ta tare ni wai na kunyata shi gaban iyalinsa, ai ba cewa aka yi in sha ba. Na ce shekara uku yana ganin ina fita salla, me ya rage bai sani ba? Muka rabu baram-baram.

To akwai gurbin bincike na wata shida a Koriya, mutum ɗaya Farfesa zai tura, da bakinsa ya ce ni ne, kuma in ban samu gurbin ba aikina ba zai kammalu ba. Jiya ya ce zai sake tunani, wai a can irin wannan zama da manya ba ya ƙarewa, ba ya son in ba shi kunya.

Abin ya ƙona min rai. Na haddace al'adunsu kaf, tawa guda ɗaya ta gagara. Matata ta ce in je in ba shi haƙuri, yayana ya ce khalas, shi ke nan, in haƙura da tafiyar.

Ranar Lahadi zai miƙa suna. In na je ba da haƙuri, na san zai tambaye ni ko zan zuba a can. 'Yan uwa, me zan ce masa?