Mahaɗa Mai Ɗigo Uku

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, har da gwiwar nan da kake ɓoye wa Mama ciwonta. A gaishe min da ita.

Baba, wata biyu ke nan da aka damƙa min kyamarar gano yoyon gas a tashar da ka yi shekara talatin kana haɗa bututu. Iskar methane da ke cikin gas ɗin ba ta da wari, ido ba ya ganinta, amma tana ɗumama duniya, shi ya sa aka ce a toshe duk inda take yoyo. A kyamarar sai ka gan ta kamar hayaƙin murhu.

Ko'ina na bi ina cin karo da ɗigo ukun da kake bugawa da ƙusa a jikin duk mahaɗar da ka ɗaure. Na duba arba'in da shida, ko ɗaya ba ta numfashi. Har na fara tafiya ina ɗaga kai.

Ta arba'in da bakwai, wadda ke bayan tanki na biyu, tana yoyo. Sau uku na goge gilashin kyamarar. Na fesa ruwan sabulu yadda ka koya min, ya yi kumfa.

Tun muna yara kake gaya wa kowa, har da mai kawo mana gawayi, cewa ɗaurinka bai taɓa yoyo ba. Ran Litinin zan miƙa rahoto, kuma tsofaffin abokanka duk sun san ɗigon. Zan rubuta gaskiya. Ban so ka ji a bakin wani ba.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Autata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa kuma kin tona min asiri, yanzu an hana ni hawa tsani.

Na san mahaɗar. Ina cikin ɗaure ta aka aiko cewa mamanki na naƙuda. Notoci takwas ne, ana ɗaure su wannan da wanda ke fuskantarsa, a zagaya sau uku. Ni sau ɗaya na zagaya, na buga ɗigona, ban ko taɓa ruwan sabulu ba, na zura da gudu har na bar sufanar ɗaure noti a can. Na ce gobe zan dawo. Gobe ta same ni ina kallon fuskarki, daga baya kuma kunya ta hana ni cewa a tsayar da layin bututun saboda ni.

Ki rubuta, kada ki rage komai. Abokai su yi dariyarsu, na ci tawa a kansu shekaru. Ina alfahari da ke fiye da sauran arba'in da shidan.

Abu ɗaya nake roƙo. In an zo gyara, ki tsaya a kansu su zagaya sau uku. Saboda ke na bar aikin nan rabi, ke za ki ƙarasa min shi.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki