Sa Hannun Clarrie

Newcastle, 4 ga Yuli

Yaya Beryl,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Mama?

Yaya, hankalina a tashe yake. Ɗan majalisarmu ya rasu, za a yi zaɓen cike gurbi nan da mako biyu. Mijin nan nawa, Clarrie Treloar, ya je ya sa hannu a takardar tsayar da Hosking, ɗan takarar ma'aikata. An manna sunayen a ƙofar ofishin gari, kowa ya gani.

Jiya helumansu, wato shugaban leburori a masana'antar ƙarfe, ya tare shi ya ce, "Treloar, ashe ka iya rubutu haka? Madalla. Zai yi maka amfani wajen neman aiki."

Clarrie dariya ya yi da yake ba ni labari. Ni kuwa ko shayi na kasa sha. Idan aka kore shi, wa zai ɗauki mutumin da iskar guba ta cinye wa huhu a fagen yaƙi a Faransa?

Ƙanwarki,
Enid

12 ga Yuli

Yaya,

Na gode da wasiƙarki, ina fata sanyi ya yi muku sauƙi.

Ranar Asabar an yi gangami a ƙofar masana'anta. Na roƙe shi kada ya hau akwatin nan da masu jawabi suke tsayawa a kai. Ya ce, "Haba Enid, a Faransa ban gudu ba, sai a gaban heluma?" Ya hau, ya yi jawabi yana tari. Can gefe wani ma'aikacin ofis mai farar kwala yana rubuta sunaye, na ga ya dubi Clarrie ya duƙar da kai kan takardarsa.

Yanzu matan layinmu ba sa tsayawa hira da ni a wajen shanya. Ban ga laifinsu ba, tsoro suke kada a kori mazajensu.

Enid

28 ga Yuli

Yaya, ina gaisuwa.

Hosking ya ci. An ɗauki Clarrie a kafaɗa har ƙofar gida. Washegari Hosking ya hau jirgin ƙasa zuwa majalisa.

Ranar Litinin Clarrie ya je aiki, ya tarar an cire lambarsa daga allon ma'aikata, wato an kore shi. Shi da mutum goma sha uku. Bai gaya mini ba, a bakin matar Pengelly ta layinmu na ji. Kullum da safe yakan ɗauki abincinsa ya fita, ni ma in ɗaure masa kamar ban sani ba. Ban san inda yake wuni ba.

Don Allah ki tambayi maigidanki ko yana neman mai taya shi kiwon tumaki. Idan zai rubuto, ya nuna shi ne yake neman taimako.

Taki,
Enid