Alamar Ɗebewa Ɗaya Za Ta Hana Malamina Digiri

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya fara yi mini wankin babban bargo, ya daure ya karanta har ƙarshe. Ba wanke kaina na zo yi ba, na san na yi laifi, zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina ninkinsa. Shawara nake nema, don wallahi kaina ya kulle.

Ni mace ce, 'yar cikin gari, haifaffiyar Kabara, a nan kuma nake aure. Ina koyar da kemistiri a wata jami'a da ba zan faɗi sunanta ba. 'Yan gidanmu suna zaton wuni nake cikin kwalabe da hayaƙi, alhali aikina duk a kwamfuta yake. Akwai wata manhaja da muke gina abubuwa 'yan mitsi-mitsi da ita, waɗanda ido ba ya gani, ko madubin da ake duba jini a asibiti bai isa ya nuna su ba. Kana jera ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya, ka yi bututu ko zobe ko keji, sannan ka sa kwamfutar ta lissafa maka ko ginin zai tsaya, ko wani magani zai iya shiga cikinsa ya zauna. Manhajar ba ta wani kamfani ba ce, ba a sayar da ita. A buɗe take, mutane daga ƙasashe daban-daban ne suke gina ta, kowa na iya karanta abin da ke cikinta, ya gyara, ya ƙara nasa. Sai dai duk layin da ka rubuta, sunanka da ranar da ka rubuta shi suna manne da shi, duniya na gani, kuma ba ya goguwa.

Shekarun baya na rubuta wani sashe a cikinta, mai gina bututu murɗaɗɗe kamar igiyar da aka tufka. Masu kula da manhajar suka duba, suka gwada, suka karɓa. Ranar kamar an ba ni kujerar Makka. Ni 'yar lungu, sunana a jere da na manyan masana! A kan wannan sashen na rubuta takardar da aka fi sanina da ita, kuma ita ce kan gaba a fayil ɗin neman ƙarin girma da na miƙa, wanda yanzu haka yake gaban kwamiti. Na faɗi wannan ne don kada daga baya ku ce na ɓoye son zuciyata.

Yanzu ga Malam. Zan kira shi Malam Garba, ba sunansa ba ne. Shi ya koya mini kemistiri a sakandare. Makarantarmu ba ta da kayan gwaji, da tsinken tsintsiya da 'ya'yan magarya yake haɗa mana siffar ƙwayoyin nan, in an tashi darasi mu cinye magaryar ya bi mu da faɗa. Ranar Asabar daga Ƙofar Na'isa yake tahowa a keke ya yi mana ƙarin darasi, ko sisi bai taɓa karɓa ba. In yau ana ce mini Dakta, hannunsa ne. To, da ritayarsa ta matso sai ya ce ba zai ajiye alli ba sai ya yi digiri na biyu, burinsa ne tun yana saurayi, hidimar iyali ta hana shi. Ya nemi gurbi a sashenmu ya samu, kuma da bakinsa ya roƙa a ba shi ni in duba aikinsa. Ranar farko ya shigo ofishina ya tsaya bai zauna ba, ya ce, "Dakta, ga ɗalibinki." Na miƙe zumbur, na ce, "Haba Malam, don girman Allah ka daina ce mini Dakta." Ya yi dariya ya ce, "A'a, a can ni ne malam, a nan ke ce. Kowa ya tsaya a matsayinsa." Da yatsu biyu ya koyi kwamfuta, gilashi a kan hanci, bai taɓa fashi ba. Ni na zaɓa masa aiki: ya gina bututun nan murɗaɗɗe, ya gwada ko wani magani zai zauna a cikinsa. Ni kuma na ce ya yi amfani da sashen da na rubuta. Wa zai fi ni sanin lafiyarsa?

Saura kwana goma ya kare aikinsa a gaban masu jarrabawa, ina neman wani zane da zan nuna wa 'yan aji, na ci karo da tsohon littafin da na fara tsara sashen nan a ciki. Ina buɗewa idona ya faɗa kan wata kibiya da na zana a jikin lissafin, na ga ta fuskanci inda bai kamata ba. Bari in yi muku bayani. Gidanmu gidan marubuta ne, kakanninmu daga Barno suka zo, Babanmu har gobe da hannu yake rubuta Alƙur'ani. Na daɗe ina rubutu a allo kafin in san boko, hannuna ya saba farawa daga dama. Har yau in zan ja jadawali a takarda daga dama nake farawa ban sani ba, ƙawayena sun sha tsokanata a kai. Ashe ranar da na zana bututun nan, layin lissafin daga dama zuwa hagu na ja shi, alhali kwamfuta daga hagu take ƙirgawa. Da na zo kwafewa, alamar ɗebewa guda ɗaya ta faɗa inda ba wurinta ba. Alama ɗaya, ɗan karan da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sakamakonta shi ne duk bututun da sashena ya gina, murɗinsa a juye yake, na dama ya koma na hagu.

Za ku ce ta yaya aka gwada aka karɓa ba a gani ba? Ku ɗauki takalmin dama da na hagu. Fata ɗaya, nauyi ɗaya, ɗinki ɗaya, in ka ɗora su a sikeli ba za ka ga bambanci ba. Sai ka zo sa ƙafa. Gwajin da aka yi wa sashena na ƙarfin gini ne kawai, kuma a nan na dama da na hagu daidai suke. Aikin Malam kuwa sa ƙafar ne, magani yake zurawa a ciki. Wata goma sha takwas yana gwada ƙafar dama a takalmin hagu, yana rubuta abin da ya gani tsakaninsa da Allah.

Na gyara alamar a kwamfutata, ko minti biyar ban yi ba, na ga bututun ya juyo daidai. Me ya hana ni kiran Malam a lokacin? Me ya hana ni rubuta wa masu kula da manhajar in ce ga kuskure na gani? Tsoro ne, ba komai ba. Na tuna fayil ɗina da ke gaban kwamiti, na tuna abokan aikin da tun da can haushina suke ji, na ce a raina bari a wuce wannan kwana goman, wa zai tsaya duba murɗin bututu? In ya samu digirinsa, ni ma aka sa hannu a fayil ɗina, sai in gyara a hankali. Haka na yaudari kaina, har ina ganin dabara na yi.

Ranar kare aikin, Malam ya zo da sabuwar shadda, hularsa a karye, ya yi bayani tiryan-tiryan har na fara sakin jiki. Sai Farfesan da aka gayyato daga wata jami'a ya ce a mayar da hoton bututun. Ya ƙura masa ido, ya cire gilashi, ya ce, "Malam, wannan abin naka ai bahago ne. A juye yake. Duk lissafin da ka ɗora a kansa ya rushe." Malam ya dubi hoton, ya dube ni. Farfesan ya ci gaba, "Shekara nawa kana koyar da yara, ba ka san dama da hagu ba? Ko dai wani ne ya yi maka aikin?" Wasu 'yan baya suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Dakta, an ce ke kika rubuta wannan sashen. Ko daga manhajar ne?" Ga ƙofa an buɗe mini, kalma ɗaya ce, in ce e. Wallahi na buɗe baki da niyyar faɗa. Abin da ya fito shi ne, "An gwada sashen kafin a karɓe shi, Farfesa." Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Sai na ji bakina ya ƙara da cewa, "Malam, ai na sha gaya maka ka riƙa duba abin da kake shigarwa." Ban taɓa gaya masa haka ba, ko sau ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Dakta. Kuskurena ne." Mutumin da ya haifi kamata, ya karɓi ƙaryata a gaban jama'a don kada ya ƙaryata ni.

Aka ba shi mako shida ya sake aikin, da sharaɗin ya yi amfani da manhajar da kowa ke saukewa, ya kuma miƙa duk fayilolinsa don wanda ya so ya maimaita. Tun ranar nake cikin wani hali. Kullum zai zo da safe ya zauna a ɗakin kwamfuta, ya goge komai, ya sake shigarwa a hankali yana bin layi da yatsa, bututun ya sake fitowa a juye. Ya za a yi ya fito daidai, bayan ma'aunin ne karkatacce? Ya canza gilashi. Ya koma rubuta komai a takarda kafin ya buga. Ran nan ya leƙo ofishina ya ce, "Dakta, ko za ki duba mini inda nake ɓata? Na rasa gane kansa." Na ce masa ina da taro, na shige banɗaki na yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

Na juya abin ta ko'ina, ban ga mafita ba. In na ba shi gyararren da ke kwamfutata a ɓoye, aikinsa zai fito daidai, amma duk wanda ya maimaita da manhajar jama'a zai ga akasin haka, sai a ce Malam ƙirƙirar sakamako ya yi, wannan kuwa kora ce da tambari, ya fi faɗuwa muni. In na tura gyaran a fili, ba a tura gyara sai da bayani, kuma ba a ɓoye wanda ya rubuta layin. Kowa zai ga ni ce. Tambayar farko da za a yi mini ita ce yaushe na sani, kuma kwamfutata ta ofis ce, ranar da na gyara tana nan a rubuce, kwana goma kafin in tsaya in ɗora masa laifi. Kuskuren lissafi ana yafewa, masu manhajar ma godiya za su yi. Amma malamar da ta sani ta yi shiru, ta kuma yi wa ɗalibinta ƙazafi a gaban masu jarrabawa? Ba ƙarin girma kaɗai zan rasa ba, aikin ma ban san ko zai tsira ba. Kuma da wane ido zan dubi Malam? In kuma na ci gaba da shiru, shi ke nan ya tafi a matsayin tsohon da bai san dama da hagu ba, kuma wata rana wani a wata ƙasa zai gano alamar nan, lokacin da ba za ta amfane shi da komai ba. Ko maigidana ban iya gaya wa ba, yana ta tambayata me ya sa na rame, ina cewa aiki ne.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, jiya bayan la'asar Malam ya zo har gida. Maigidana ya shimfiɗa masa tabarma a soro, na fito muka gaisa. Ya ciro wata takarda daga aljihu ya ajiye a gabana. Takardar janyewa daga karatu ce, ya riga ya sa hannu, saura nawa. Na ce, "Malam, ai saura mako biyu, kada ka yi haka." Ya girgiza kai ya ce, "Na gwada iya gwadawa, 'yata. Abin nan na masu jini a jika ne, na zo a makare. Ba digirin ne ya dame ni ba, kunyar da na ba ki ce. Ke da ake alfahari da ke, na sa aka yi miki dariya a gaban baƙo saboda kin ɗauki tsohon malaminki. Ki yafe mini don Allah." Ni yake roƙo gafara. Ya miƙe ya sa takalminsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ki sa hannu ki miƙa musu ranar Litinin, kada in ƙara ɓata miki lokaci. Allah ya yi miki albarka."

Takardar tana cikin jakata yanzu haka, yau Asabar. In na sa hannu na binne shi da hannuna, in na ƙi sai na faɗa masa dalili. Na san abin da yake daidai, ba jahila ba ce ni, ƙarfin halin ne babu. Ta ina zan fara, ta wurin masu manhajar, ko shugaban sashe, ko in je Ƙofar Na'isa in durƙusa a gabansa in ce masa duk makonnin nan da yake zargin idonsa da tsufansa, ni na sani na yi shiru? Jama'a, ku dubi girman Allah ku gaya mini, kafin Litinin me zan yi?