Waken Ta Sama

Litinin, 6 ga Oktoba
Mun dawo daga awon nauyi. Auta ta sake raguwa. Tun da aka sallamo ta daga asibiti sati uku ke nan, zazzaɓin ya tafi amma ci bai dawo ba. Nas ta ce nan da sati biyu in ba ta ƙaru ba, gado za a sake ba mu. Yarinya 'yar shekara takwas, hannu kamar tsinken tsintsiya. Na dafa mata kala uku yau. Loma biyu, ta ture.

Laraba, 8 ga Oktoba
Ikon Allah. Auta ta hau bene wajen telar nan da ta tare a samanmu, wai za ta karɓo ƙyallaye ta yi wa 'yartsana riga. Ta sauko baki duk ja. Na ce me kika ci? Wai wake da nama mai yaji, Anti ta ba ta, har ta yi ƙari. ƘARI. Na ce alhamdulillahi, don dole in ce.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Ta sake hawa. Ni da na yi shekara ashirin ina riƙe da ludayi. Matar da ko labulen kirki ba ta rataya ba, keken ɗinkinta na ta ƙara a kanmu tun safe.

Asabar, 11 ga Oktoba
Baban yara ya ce, to ki hau ki tambaye ta yadda take yi mana. Na ce Allah ya kiyaye, in je in ce a koya min dafa wake? Ya ce girman kai rawanin tsiya. Na ce shi ya sa ya yi maka kyau.
Na je wajen mai nama, na yi kamar hira. Na ce maƙwabciyata wane take saya ne? Ya ce marar kitse, yana niƙa mata a inji. Na ce ba ni irinsa. Ya yi wani murmushi, ban so ba. Da na dawo na ɗan leƙa kwandon shararta a ƙasan bene, Allah ya yafe min. Gwangwanin tumatir biyu, ɓawon tafarnuwa, ledar jan wake. Shi ke nan fa. Wannan ne abin da ake ta yi wa rawar kai?

Lahadi, 12 ga Oktoba
Na jiƙa wake tun asuba. Na soya albasa sai da ta yi ja, na zuba naman ina farfasa shi da ludayi kar ya dunƙule, tafarnuwa, attarugu uku, tattasai, tumatir. Waken na dafa shi daban sai da ya yi laushi kafin ya ga gishiri. Na haɗa, na rage wuta, awa biyu yana ɓararraka. Gidan nan kaf ƙamshi. Yayyen Auta sun sha kwano bibbiyu, babansu har da suɗe cokali.
Na zuba wa Auta, na ja kujera na zauna gabanta. Ci mana. Ƙara ɗaya. Don Allah ɗaya tak. Ta ce Umma ba irin na Anti ba ne. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kar a ji ni.

Talata, 14 ga Oktoba
Ban gaida telar ba a bene. Ita ta gaishe ni har da rusunawa, wannan ma ya ƙara ba ni haushi.

Laraba, 15 ga Oktoba
Yau Auta ba ta ci komai ba sai ruwan shayi, don na hana ta hawa. Na ga ta tashi daga kujera ta dafe bango. Wa nake hukuntawa ne?
Na sake dafawa, na zuba a kula, na hau da kaina. Na ce ƙanwata, ɗanɗana ki gaya min me ya rage, kar ki ji kunyata. Ta ci, ta sake ci, ta ce Yaya wallahi naki ya fi nawa, ni wani lokacin ma wakena da sauran ƙarfi. Na ce to me kike sa mata? Ta ce ba komai, ajiye mata nake a kan tebur in koma kan keke, ni ba ni da lokacin kallonta. Tana ci tana min surutu ta bayana.
Sai ta ce, ki bar kular nan, ki turo Auta.
Na tura ta. Na tsaya a ƙasan bene kamar mai jiran bashi, ina jin keke, ina jin ƙarar cokali.
Ta sauko tana shafa ciki. Wai Umma na yau ya fi na kullum daɗi, ki je Anti ta koya miki mana.
Na ce to, zan je.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Kullum yanzu in Auta na wanka sai in lallaɓa da kula sama kamar ɓarauniya. Nawa waken, nawa naman, nawa tsayuwar gaban wuta, yabo na Anti. Har zanen fure ta yi mata a takarda. Ni ko kara ba a taɓa zana min ba.
Ta ɗan yi kumatu, ko idona ne.

Litinin, 20 ga Oktoba
Awo. Ta ƙaru, kilo ɗaya da ɗan wani abu. Babu maganar gado. Nas ta ce me kuke ba ta haka? Auta ta yi caraf, waken Antina ne, duk duniya babu mai iya shi. Nas ta kalle ni. Na ce eh, Allah ya haɗa mu da maƙwabciya ta gari. Bai ma yi min ɗaci sosai a baki ba, ko don ina sauri ne.
Da muka dawo na dafa, ban kai sama ba, na gaji da hawa. Na zuba, na ajiye a kan tebur, na ce ga shi nan in kina so. Na juya ina wanke kwanonin da na riga na wanke. Wuyana har ciwo yake don son waiwaye.
Can na ji ta ce, Umma kin fara iyawa, saura kaɗan.
Ban juyo ba. Na ce ci dai, sarkin surutu.
Sauran na tukunya na zuba wa ta sama. Ba wai wani abu ba, yawa ya yi, kar ya lalace.