An Samo wa Jar Motarka Tudu

Aikin farko yau: duba alamar allin da na yi wa tayar baya.

Zuwa ga Yayana, Malam Sani bakanike, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Allah Ya yalwata maka makwanci. Mutanen gida duk lafiya. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma tun da ka rasu ban sami wanda zan yi wa maganar mota ya saurare ni har ƙarshe ba.

Maganar jar motarka ce mai kujera biyu, wadda rufinta ke naɗewa baya. Tana nan a rumfar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Duk Juma'a nakan sa a tura mini ita ta tashi, kamar yadda ka saba.

Ka tuna ranar da ka cire mata birkin baya na drom, ka sa mata na faranti? Ni ne mai miƙo maka sifana. Birki ya yi kyau, ko yaya ka taɓa sai ta ƙame. Amma birkin hannu a cikin drom ɗin yake zaune, da ka cire shi ya tafi da shi. Sandar kawai ta rage a tsakanin kujeru, a ja ta ta taso, babu abin da take riƙe da shi.

Na yi maka magana, ka yi dariya ka ce, "Kai ɗan boko, Kano ce fa. Ina tudun yake? Bar ta a giya, ka kira yaron mota." Yaron mota shi ne baƙin dutsen nan da kake sa wa a bayan taya. Ka ce ba ya cin abinci, ba ya gudu da kuɗin lodi.

To Yaya, an samo tudun.

Soja za su koma bariki, an yi zaɓe, Kawu Bala ya ci kansila. Jibi za a yi masa bikin murna a wani fili a Tarauni, kuma ya ce a motarka zai shiga. 'Yan kwamitinsa sun tara jar ƙasa sun yi tudu don jama'a su gan shi. Saman bai isa tsawon mota ba, tayoyin baya a kan gangare za su tsaya. A gindin gangaren za a jera bencina na mata da 'yan makarantar da za su yi waƙa.

Ba zan iya barin ta a giya ba. Ka san halinta, in ta mutu sai da turi, don haka a kunne za ta tsaya. Ba kuma zan zauna in taka birki ba, mai hoto ya ce kada a ga kowa a ciki sai Kawu a tsaye yana ɗaga hula.

Na kawo maganar dutsen. Kawu ya dube ni ya ce, "Dutse? A gaban jama'a? Su ce kansila da waiji ya hau mulki? Je ka sa mata birki irin na mutane, yaro." Furfura ta fara fito mini, amma na ce to.

Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na samo wasu ƙananan madamƙa masu cizon faranti in an ja waya. Bulus mai walda na Unguwa Uku, abokinka mutumin Filato, shi ya haɗa mini ƙarfen da zai riƙe su. Na bi da waya daga sanda zuwa tayoyin biyu, na daidaita tsawonta. Da muka gama Bulus ya goge hannu ya ce, "Malam Habibu, ni dai ƙarfe na haɗa. Ku Kanawa ba ku san tsoron tudu ba. In a garinmu ne, ko akuyar surukata ba zan ɗaure a bayan motar nan ba." Muka yi dariya. Ni tawa ba ta kai ciki ba.

Na gwada ta a gangaren kwalbatin ƙofar gida. In farantin da sanyi, tana riƙewa daram. Sai jiya na zagaya da ita unguwar Daurawa a hankali, ƙafata a kan birki, irin tafiyar da za a yi a cikin taro. Na dawo faranti ya ɗau zafi, na ja sanda, na ja layi da alli daga taya zuwa ƙasa, na tafi masallaci. Da na dawo layin ya rabu biyu, motar ta gusa faɗin yatsa.

Ba ta yi ƙara ba, Yaya. Abin da ya tsaya mini ke nan.

Na ce ko ni ne na karkata allin. Na ƙara tsuke wayar, sai birki ya riƙa jan taya ana tafiya, zafi ya ƙaru. Na sassauta, na sake zagayen da la'asar, na sake jan layi. Yau da safe na tarar da yatsu biyu. Ina jin in ƙarfen ya huce yakan tsuke, cizon ya saki. Ina ji ne kawai. Kai da hannu za ka taɓa ka sani.

Na ce wa Rabi, mai ɗakina, kada ta kai yaranmu filin. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "To 'ya'yan mutane fa?"

Kai kaɗai ke iya ce wa Kawu a'a ya yi dariya. Ni tun muna yara a bayanka nake laɓewa, kai ka yi magana, ni in gyaɗa kai. Ɗazu na ɗaga yaron motarka daga ƙarƙashin kujera, har yanzu akwai baƙin man hannunka a jikinsa. Na daɗe riƙe da shi. Na yi kewarka, Yaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta. Ya tsare bayinSa daga abin da hannuna ya haɗa, Ya kuma ba ni bakin da ka tafi da shi. Amin.

Ƙaninka mai miƙo sifana,
Habibu

Abin da ya rage na gobe:
Sake zagayen Daurawa, sake jan layi.
Roƙon 'yan kwamiti su matsar da bencinan yara gefe.
Zuwa wurin Kawu. Ban san da wace kalma zan fara ba.
Naɗe dutsen a cikin babbar rigata.
In Kawu ya sake ƙi, zuwa filin in duba inda zan tsaya a bayan tayar hagu.